Kilomita Uku Daga Mota, Nesa da Agaji: Nazarin Lamarin Bakin Tekun Hanakapiai

Ranar Lahadi 6 ga Afrilun 2014 ruwan sama ya sauka a kan tsaunukan arewacin tsibirin Kauai, a jihar Hawayi ta ƙasar Amurka. Rafin Hanakapiai, wanda a ranakun da gari yake bushe mutum kan tsallaka yana taka duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ya cika ya tumbatsa, ya koma ja da laka. Duk wanda ya riga ya ƙetare zuwa wancan hayin, ko yana bakin teku ko yana hanyar magangarar ruwan da ke can cikin kwari, sai ya rasa ta inda zai koma. Da aka ƙirga su, mutum 121 ne, har da ƙananan yara.

'Yan kwana-kwanan tsibirin suka zo da jirgi mai saukar ungulu. Kafin duhu ya hana tashi sun kwashe mutum 23. Sauran 98 a nan suka kwana cikin jiƙaƙƙun tufafi, da yawansu guzurin wuni guda kaɗai suka fito da shi. Washegari aka ci gaba da jigila har aka gama. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, kuma wannan abin godiya ne ƙwarai, domin a Fabrairun 2013 wannan rafin ya tafi da wata mata da ta yi ƙoƙarin ƙetarawa alhali yana cike.

Abin da ya ja hankalina ga wannan lamari shi ne tazarar. Tsakanin inda mutanen nan suka kwana da inda suka ajiye motocinsu bai wuce kilomita 3 da 'yan kai ba. Ta yaya wuri mai kusa haka zai zama inda sai jirgi ne zai fito da mutum? Amsar tana cikin yanayin wurin, da irin mutanen da ke zuwa, da abin da ke cikin zuciyarsu a daidai lokacin da suke tsaye a bakin ruwa.

Wurin da hanyarsa

Aman wutar dutse ne ya haifar da Kauai kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce, yana cikin mafiya tsufa a manyan tsibiran Hawayi. A tsakiyarsa akwai dutsen Waialeale, ɗaya daga wuraren da suka fi shan ruwan sama a duniya, fiye da milimita 9,000 a shekara. Wannan ruwa daga sama, da dukan igiya daga ƙasa, su suka sassaƙe gefen arewa maso yamma na tsibirin, wato gaɓar Na Pali, suka bar tsaunuka a tsaye ƙyam, wasu sun kai mita 1,200, da kwaruruwa masu zurfi a tsakaninsu. Shi ya sa titin da ya kewaye tsibirin bai taɓa haɗewa ba. Titin Kuhio yana bin arewa, ya ratsa garin Hanalei da 'yan gadoji masu ɗaukar mota ɗaiɗai, ya tsaya cak a bakin tekun Kee, cikin gandun jiha na Haena. Daga nan sai ƙafa.

Hanyar ƙafar ana kiranta Kalalau. Tsawonta kilomita 18, ta ratsa kwaruruwa biyar kafin ta kai bakin tekun Kalalau. An share ta a ƙarni na 19, aka sake gyara wasu sassanta a shekarun 1930. Baƙo kan ɗauka wannan daji bai taɓa ganin ɗan Adam ba, alhali 'yan asalin Hawayi sun zauna a waɗannan kwaruruwa shekaru aru-aru, suna noman gwaza a fadamun da suka jera wa duwatsu hawa-hawa, suna kamun kifi, har zuwa farkon ƙarni na 20. A kwarin Kalalau ne Kaluaikoolau, wani ɗan asalin Hawayi da ya kamu da kuturta, ya ɓuya da matarsa Piilani da ɗansu a 1893, lokacin da hukuma ta so raba su ta kai shi sansanin kutare na tsibirin Molokai. Jerin duwatsun gonakin suna nan har yau a ƙarƙashin ciyayi. Na kawo wannan ne domin waɗanda suka rayu a nan sun san lokacin da ake shiga teku da lokacin da ake kallonsa daga nesa, kuma wannan sani ya yi ƙaura tare da su. Maziyarci na yau ya gaji wurin, bai gaji sanin ba.

Hanakapiai shi ne kwari na farko a hanyar. Wanda zai wuce shi zuwa kwarin Hanakoa da ke gaba ko Kalalau dole ya mallaki takardar izinin kwana, ko da bai yi niyyar kwanan ba. Wanda zai tsaya a Hanakapiai ba ya buƙatarta. Tafiyar takan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu: hawa a kan duwatsu marasa daidaito tun daga farko, sai jan laka mai santsi da ke manne wa takalmi, sai saiwoyin itatuwa a gicciye, teku yana can ƙasa ta hannun dama. Iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa. Mutum ya gangaro a gajiye, rigarsa sharkaf, ya tsallake rafi, sai ga shuɗin ruwa a gabansa. Babu shago, babu famfo, babu jami'in ceto a zaune yana duba masu wanka, waya kuma ba ta kamawa. Abin da hukuma ta ajiye bai wuce ɗan banɗaki da allunan gargaɗi da filin da jirgin ceto zai iya sauka ba.

A ganina tushen matsalar yana nan. Kalalau mai nisan kilomita 18 tana tace masu zuwa da kanta. Wanda ya nufe ta ya nemi izini tun da wuri, ya goya tanti da abinci da abin tace ruwa, ya san zai bi ta wani siririn gefen dutse da ke kusa da mil na bakwai. Hanakapiai ba ta tace kowa. Kusancinta ya isa ya jawo mai silifa da 'yar gorar ruwa, da iyali masu goyo, da wanda jiya ya sauka daga jirgi. Nisanta kuma ya isa ya sa agaji ya makara. Mutum yana isowa da tunanin wanda ya fito shan iska, alhali dokar daji ce ke aiki a kansa tun daga lokacin da ya ƙetare rafin.

Tekun

Daga wajen Mayu zuwa Satumba yashi kan taru a bakin kwarin, ya yi faɗi, ga kogunan dutse a gefe da mutane ke shiga ɗaukar hoto. Daga Oktoba kuwa guguwar da ke tashi can arewacin Tekun Fasifik takan turo manyan igiyoyi, su yi tafiyar dubban kilomitoci babu abin da ya tare su, su zo su kwashe yashin kaf, a bar baƙaƙen duwatsu mulmulallu. Wanda ya zo a Janairu da hoton watan Yuli a wayarsa zai ɗauka ɓatan hanya ya yi.

A Kee, inda aka baro mota, akwai katangar murjani a cikin ruwa da ke karya ƙarfin igiya, ta bar wani ɗan tafki a kwance, kuma akwai jami'an ceto. Baƙo ya ga yara suna wasa a can da safe, sai ya ɗauka teku ɗaya ne. Hanakapiai ba ta da wannan katanga. Igiya tana faɗowa gaɓa da cikakken ƙarfinta, ruwan da ta jibge kuma dole ya koma inda ya fito. Sai ya nemi wurin da ƙasa ta ɗan zurma ya kwarara baya ta siririyar hanya, kamar ruwan da aka tare da shinge ya sami kafa. Wannan shi ne jan ruwa. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ce gudunsa kan kai mita 2.4 a daƙiƙa guda, wanda ya fi gudun gwanin iyo na gasar Olamfik. Mugun abin shi ne, daidai inda yake ja nan ne ruwa ya fi kama da mai kwanciya, domin igiya ba ta fashewa sosai a kan zurfi. Wanda bai sani ba zai kauce wa inda kumfa ke tashi, ya nufi wurin da ya ga luf. Kallon kitse yake yi wa rogo.

Akwai shawarar da ake bai wa duk mai shiga teku: in ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, ka saki jiki ka yi yawo a sama, ka yi iyo a gicciye har ka fita daga hanyarsa, sannan ka nufo gaɓa. Shawara ce mai kyau, ta ceci rayuka da dama. Sai dai an gina ta a kan cewa akwai gaɓa a gefe da mutum zai fito. Bakin tekun Hanakapiai gajere ne, dutse a dama, dutse a hagu. Da zarar ruwa ya fitar da mutum daga bakin kwarin, wani jan ne zai karɓe shi ya bi da shi gefen tsaunuka zuwa yamma, kuma wurin da za a iya fitowa lafiya yana kilomitoci da dama a gaba. Abin da ke tsakani bangon dutse ne da igiya ke duka. Shi ya sa da yawa cikin waɗanda ruwan ya ci ko gawarsu ba a gani ba.

Kuma ba dole sai mutum ya shiga iyo ba. Manyan igiyoyin da suka taho daga nesa rukuni-rukuni suke isowa. Teku zai yi shiru na minti goma ko fiye, mutum ya sami natsuwa, ya shiga iya gwiwa domin ya wanke lakar ƙafarsa, ko ya hau wani dutse ya juya wa ruwa baya ana ɗaukarsa hoto. Sai rukuni na gaba ya zo, ya wuce inda na baya ya tsaya da nisa. Jiƙaƙƙen dutse a wurin da ake ganin ruwa ba ya kaiwa alama ce cewa ya kai ɗazu, kuma zai dawo.

Dab da gangarowa kwarin an daɗe ana ganin wani allon katako da aka rubuta da hannu, yana cewa kada a kusanci ruwan, an kuma jera zane-zane a ƙasa, kowane zane a madadin rai guda. Zanen ya haura 80. Ba ƙidayar hukuma ba ce, duk mai wuƙa zai iya ƙara layi. Lissafin da jaridar tsibirin ta bayar ya nuna kimanin mutum 30 tsakanin 1970 da 2010. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, mutum 30 a ɗan yashin da za a iya zagayewa cikin 'yan mintoci ba ƙaramin abu ba ne. Ina kuma ganin wannan allo na hannu ya fi allunan hukuma masu launin ruwan ɗorawa tsayar da mutane, domin mai karantawa yana ganin hannun wani da ya damu, ba gargaɗin da aka buga domin kauce wa shari'a ba.

Rafin, da dalilin da ya sa ba a jira

Tekun ana iya ƙin shigarsa. Rafin kuwa dole a ƙetare shi sau biyu, zuwa da dawowa, kuma na dawowar shi ne mai haɗari, domin tsakanin ƙetarawa biyun sama na iya canza shawara. Wanda ya ƙara kilomita 3 zuwa magangarar ruwan, mai tsayin kusan mita 90, zai ƙetare shi wasu lokutan kuma.

Kwarin matsattse ne, gangarensa a tsaye. Ruwan da ya sauka a kan tudu ba ya samun inda zai tsaya, cikin ɗan lokaci ya haɗu ya gangaro. Mutum na iya zama a kan yashi rana tana dukansa, bai san ana tafka ruwa a can bayan gajimaren da ya rufe kan dutse ba. Alamun da rafin ke bayarwa kaɗan ne amma a fili suke. Launinsa yakan juya daga garau zuwa ruwan ƙasa. Ganyaye da ƙiraruwa su fara wucewa. Duwatsun da aka taka da safe su nutse. Ƙararsa ta yi kauri, wani lokaci har a ji duwatsu suna gogar juna a ƙasa. Ruwan da ya kai cinya yana gudu yana iya ɗaga ƙato, kuma bakin rafin a cikin teku yake, 'yan taku kaɗan daga mashigar. Wanda ya zame, igiya ce ke jiransa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, irin wannan rafi yadda yake cika da sauri haka yake janyewa da sauri. In ruwan sama ya ɗauke, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i ya sauka, in ya yi tsanani zuwa wayewar gari. Jira kusan kullum yana warware matsalar. Mutanen 2014 sun tsira ne saboda mafi yawansu sun tsaya inda suke.

To me ke hana wasu jira? Ba wauta ba ce, kuma bai dace a yi musu kallon wawaye ba. Mutum yana tsaye yana hango hanyar komawa a wancan hayin, jifa guda. Gobe da safe jirginsa zai tashi. Ya bar wani a otal da bai san halin da yake ciki ba, ga shi waya ba ta tafiya. Kayansa sun jiƙe, sanyi ya fara shigarsa, abincin ya ƙare tun azahar, ba shi da fitila, yaro yana kuka. A wannan hali kwanan daji ya fi ba shi tsoro fiye da ruwan da yake gani da idonsa, duk da cewa ruwan ne mai kisa. Sai wani saurayi mai ƙarfi ya shiga ya fita lafiya, sauran su ce ashe ana iyawa. Taron jama'a, wanda ya sa kowa ya ji kamar wurin ba daji ba ne tun da safe, shi ne kuma ke ingiza mutum cikin ruwa da yamma.

Shi ya sa nake ganin shawarar ƙetarawa ba a bakin rafi ake yanke ta ba. An riga an yanke ta tun a ɗakin otal, lokacin da ake haɗa jaka. Wanda ya saka rigar ruwa, da fitila, da abincin da ya wuce na wuni, da maganin da yake sha kullum, ya kuma gaya wa wani inda ya nufa da cewa in bai dawo ba wataƙila rafi ne ya tare shi, wannan yana da ikon zama ya jira. Wanda ya fito hannu rabbana ba shi da wannan iko, ko da ya san gaskiya.

Adadin 121 kuma yana faɗar wani abu daban. A rana guda, a wuri guda da ake kira daji, mutum sama da ɗari suna bayan rafi ɗaya. Kowace tashi da jirgin ya yi cikin matsattsen kwari da iska da ruwa, ran matuƙi da na jami'an ceto ne a kan siraɗi, kuma muddin jirgin yana nan, ba ya wani wurin da za a iya buƙatarsa.

Ambaliyar 2018 da abin da ya biyo baya

Kafin 2018 gandun Haena yakan karɓi baƙi har kusan 3,000 a ranakun cunkoso. Motocin haya sun cika gefen titi, 'yan unguwa da kakanninsu suka yi kamun kifi a wurin suna rasa inda za su tsaya. An shafe shekaru ana tattauna wani tsari na rage yawan, ana ta jan ƙafa.

Sai ga ruwan 14 zuwa 15 ga Afrilun 2018. Ma'aunin da ke Waipa, kusa da Hanalei, ya nuna milimita 1,262 cikin awa 24, adadin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin Amurka. Ƙasa ta zaftare a wurare da dama ta binne titin Kuhio, garuruwan Wainiha da Haena suka yanke daga sauran tsibirin, gidaje suka lalace. Wata 14 baƙi ba su shiga ba. Mazauna wurin sun sha wuya matuƙa, amma sun kuma ba da labarin yadda kifi ya dawo kusa da gaɓa, da yadda suka sake jin wurin nasu ne. Ga masu neman sauyi, faɗuwa ta zo daidai da zama. A Mayun 2018 hukumar filaye da albarkatun ƙasa ta jihar ta amince da tsarin, aka yi aikin gine-ginen a lokacin da ƙofa take rufe.

Da aka buɗe a Yunin 2019, doka ta canza. Baƙi 900 a rana. Wurin ajiye mota mai ɗaukar kimanin 100. Sauran su zo a motar jigila, kuma kowa ya yi rajista ta intanet, wadda ake buɗewa kwana 30 kafin ranar. Baƙo yana biyan kuɗin shiga da na ajiye mota, ko kuma na jigila. Mazaunin Hawayi mai katin shaida ba ya buƙatar rajista. Daga wurin motoci aka shimfiɗa hanyar katako da ta ratsa gonakin gwaza, waɗanda ƙungiyar iyalan yankin, Hui Makaainana o Makana, ta farfaɗo da su take kuma kula da su. Wannan ƙungiya tana da hannu a tafiyar da shigar baƙi, kuma al'ummar ce ta yi fafutukar da ta sa a 2015 Haena ta zama wuri na farko a jihar da aka ba mazauna damar tsara dokokin kamun kifin gaɓarsu.

Ba domin hana nutsewa aka yi wannan tsari ba, amma ya taɓa lamarin ta hanyoyi masu muhimmanci. Yanzu akwai ƙofa guda da kowa ke bi, inda mutum mai rai zai iya duban silifar baƙo ya gaya masa halin da hanya take ciki yau. In an yi hasashen ambaliya ana iya rufe hanyar, rufewar kuma ta yi aiki, ba kamar da ba da kowa ke shigowa ta inda ya ga dama. In rafi ya cika, waɗanda za su maƙale sun ragu. Ina goyon bayan wannan tsari ba tare da wata-wata ba, kuma ina ganin babban dalilin nasararsa shi ne masu wurin ne suka riƙe shi.

Amma ya zo da wani matsi na daban da ba a cika magana a kai ba. Wanda ya tashi tsakar dare wata guda da ya wuce ya kama gurbi, ya biya, ya tsara dukan tafiyarsa a kan wannan rana, ba zai ji daɗin juyawa daga bakin rafi ba don kawai ruwa ya ɗan yi duhu. Ranarsa guda ce, gobe ba shi da gurbi. Ga kuma lokacin motar komawa yana ƙaratowa. Takardar rajista tana ba mutum izinin shiga ne kurum, amma zuciya takan karanta ta kamar tabbacin cewa yau lafiya lau.

Gada, banɗaki da ruwan sha

Bayan aukuwar 2013 da 2014 hukumar gandun jihar ta gabatar da shirin gina gadar ƙafa a kan rafin, aka yi ta muhawara. Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi: gada za ta hana maƙalewa, ta rage tashin jirgi, ta cire dalilin da ke sa uwa ta shiga ruwa da yaro a kafaɗa. Masu adawa suna tsoron cewa duk abin da ya sauƙaƙa isa zai ƙara masu isa, kuma rafin shi ne shinge na ƙarshe da ke mayar da wasu baya kafin su kai ga tekun da ya fi shi kisa. Ni na fi karkata ga gadar, muddin iyakar yawan baƙi tana nan daram, domin ba na jin daidai ne a bar haɗari a hanya da sunan tace mutane. Amma in aka cire iyakar, tsoron masu adawa zai tabbata.

Akwai wani ɓangare na rashin gine-gine da hotuna ba sa nunawa. A Satumban 2024 hukuma ta rufe hanyar Kalalau na 'yan makonni bayan gwamman masu kwana a can sun kamu da amai da gudawa, aka tabbatar ƙwayar cutar noro ce. Wurin da ba shi da famfon wanke hannu, banɗakinsa kaɗan ne, kowa kuma daga rafi ɗaya yake ɗiba, cuta ba ta shan wahalar yaɗuwa, mai ciwon kuma yana da tafiyar wuni a gabansa kafin ya ga likita. Ruwan rafukan ma, duk da garau ɗinsa, yana iya ɗaukar ƙwayar leftosifirosis daga fitsarin ɓeraye da aladu da awakin daji, wadda kan shiga jiki ta baki ko ido ko ɗan rauni a ƙafa. Dole a dafa shi ko a saka masa magani kafin a sha, mai sabon ciwo a fata kuma ya haƙura da wanka a tafkin magangarar. Zazzaɓin yakan taso ne bayan kwanaki, lokacin da mutum ya riga ya koma ƙasarsa, saboda haka sai ya gaya wa likita inda ya shiga ruwa.

Sharar da aka shigo da ita kuma babu mai kwashewa sai wanda ya kawo ta, ko jirgin da hukuma kan yi haya lokaci-lokaci domin fitar da abin da masu zaman ba bisa ƙa'ida ba suka tara a Kalalau.

Wanda ya kama gurbi a yau, abin da ke gabansa shi ne ya duba hasashen ruwan sama na kan tsauni da na tsayin igiyar arewa tun daren jiya, ya sake dubawa da asuba, ya duba sanarwar hukumar gandun ko an rufe hanya. Ya fita da wuri, da takalmi mai kama ƙasa da ruwan sha lita biyu ko fiye. In ya iso rafi ya tsaya ya dubi launinsa, ya kuma ɗaga kai ya dubi gajimaren da ke kan kwarin, domin ƙetarawar dawowa yake aunawa. In ya ƙetare, ya zauna can sama da inda yashi ya jiƙe, fuskarsa tana kallon teku, ya riƙe yara kusa. Wankan teku kuma ya bar shi sai ya koma Kee, ya tambayi jami'in ceton da ke bakin aiki ko yau ana shiga.